Mai Ɗaki Bai San Inda Yake Masa Yoyo Ba

Ina roƙon arziki a ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, in amayar da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun zangon karatun da ya wuce. Na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, me ya kawo zancen kiɗan na'ura cikin mujallar adabin Hausa. Su yi haƙuri su biyo ni a sannu, za su ga inda aka haɗu.

Waɗanda suka zo daren shaƙatawar da ƙungiyarmu ta shirya za su tuna cewa bayan an gama karatun waƙoƙi, wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya tashi ya jona kwamfutarsa da lasifika, ya ce zai jiyar da mu wani kiɗa da ya haɗa shi kaɗai a ɗakinsa. Babu ganga, babu baiti, babu amshi. Wani amo ne mai tsawo da ke tashi a hankali yana sauka, kamar iskar hunturu na shigowa ta kafar taga, har tsawon minti 14. Nan take zauren ya rabu biyu. Na baya suka dinga ƙyaƙyata dariya, har wani ya ce a je a duba ko janareta ce ta lalace. Na gaba kuwa da aka gama suka yi ta tafi suna cewa "sai kai", alhali na gani da idona rabinsu waya suke latsawa tun daga farko. Da muka fito na ja shi gefe na ce, "Abokina, kiɗan nan yana da minti 3 masu kyau ƙwarai, sauran 11 ɗin ciko ne." Sai ya murtuke fuska ya ce ai wannan irin kiɗa ba shi da doka, kowa da yadda yake jin abinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Babu gaba tsakanina da shi, hasali ma jirgi ɗaya ya kwaso mu, domin ni ma shekara 2 ke nan ina wannan kwanan-zaune a gaban kwamfuta. Abin da nake so in tabbatar shi ne, karin maganar nan gaskiya ce a kan ɗakin kwana da damina, amma da zarar an kawo ta ɗakin haɗa kiɗa sai ta zama ƙarya. A can mai ɗaki shi ne na ƙarshen sanin inda yake yoyo.

WANE IRIN KIƊA NE WANNAN?

Kafin in juya kan abokina, bari in fara sallamar 'yan dariya, domin rashin sanin abu ba hujja ba ne a kansa. Wannan kiɗa Turawa suna kiransa ambiyan. Ni dai na fi son in ce kiɗan yanayi, saboda aikinsa shi ne ya cika wuri kamar yadda turaren wuta ke cika ɗaki, ba tare da ya tilasta wa kowa ya bar abin da yake yi ba. Tun a 1917 wani makaɗi Bafaranshe, Erik Satie, ya fara tsara abin da ya kira kiɗan kayan ɗaki, watau kiɗan da za a ajiye a wuri kamar kujera ko labule. A 1920 da aka kaɗa shi a birnin Faris lokacin hutun wani wasa, mutane suka koma kujerunsu suka yi tsit, shi kuwa Satie ya dinga zagayawa yana roƙon su ci gaba da hirarsu.

Wanda ya raɗa wa abin sunan da aka san shi da shi yau shi ne Brian Eno, mutumin Ingila. A farkon 1975 mota ta buge shi. Yana kwance yana jinya wata ƙawarsa ta kawo masa faifan wani tsohon kiɗan tsirkiya na ƙarni na 18. Aka sa faifan, ƙarar ta yi ƙasa ƙwarai, lasifika ɗaya ma ba ta aiki, ga ruwan sama ana yi, shi kuwa ba shi da ƙarfin tashi ya gyara. Sai ya ji kiɗan ya gauraya da ƙarar ruwan ya zama wani yanki na ɗakin. A shekarar ya fitar da faifan Discreet Music, wanda fuskarsa ta farko kiɗa ɗaya ne na kusan rabin sa'a. Da na'urar haɗa sauti ɗaya da rikodar tef biyu ya yi shi: ta farko tana ɗaukar amo, zaren ya zarce zuwa ta biyu, ita kuma ta maido da shi bayan 'yan daƙiƙu, ya hau kan sabon da ke shigowa. A 1978 ya fitar da Music for Airports, bayan zaman jiran jirgi da ya yi a filin jirgin saman Kolon ta Jamus. A ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen faifan ya naɗi muryoyi a zaruruwan tef da aka ɗaure kai da gindi kamar zobe, wani yana zagayowa duk bayan daƙiƙa 23 da rabi, wani kusan 26, wani kusan 30, don haka muryoyin suna haɗuwa suna rabuwa ta fuskoki daban-daban. A bayanin da ya rubuta a jikin faifan ya gindaya sharaɗi, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi da kyau domin za mu dawo gare shi: dole kiɗan ya yiwu a kau da kai daga gare shi, kuma dole ya ƙosar da wanda ya kasa kunne.

Abin bai tsaya a Turai ba. A Japan, Hiroshi Yoshimura ya naɗi faifansa Music for Nine Post Cards a cikin gidansa, aka fitar da shi a 1982. Kuma kada wani ya ce ai baƙon abu ne ga Afirka. Tun 1944 Halim El-Dabh ya naɗi muryoyin wani taron zar, mai kama da borinmu, a birnin Alƙahira, ya sarrafa su da na'ura, shekaru kaɗan kafin Turawan Faransa su yi suna da irin wannan aiki. Nan kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na ogan mai lantarki a 1978. Kiɗansa ba na yanayi ba ne zalla, domin yana da taken da za a iya bi, amma rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna cike gurbin shirye-shirye da shi, har kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013 duniya ta sani. A Kenya kuma akwai saurayin da ake kira KMRU, jikan shahararren mawaƙin nan Joseph Kamaru, wanda faifansa Peel na 2020 ya kai sunansa nesa. Ina kuma tambayar masu dariya: sarewar da makiyayi ke busawa a daji, don wa ya yi rawa yake busa ta? Ashe mun san kiɗan da ba na rawa ba tun kafin lantarki ya zo.

Shi ke nan, na gama da su. Yanzu sai mu 'yan gida.

KIƊAN DA YA FI KOWANE SAUƘIN JABU

A da, wanda ke son naɗar kiɗa sai ya nemi gidan rediyo ko kamfanin faifai. A 1979 kamfanin TEAC ya fitar da rikodar Portastudio, mai ɗaukar layin sauti 4 a kaset ɗaya, daga nan ɗakin kwana ya fara zama situdiyo. Yau kuwa duk mai kwamfutar cinya da manhaja irin su FL Studio ko Ableton Live, ko Audacity da ake samu kyauta, yana riƙe da kayan aikin da Eno bai mallaka ba a 1975. Wannan alheri ne, ban musa ba. Amma alherin ya zo da wani rami a gindinsa.

Idan mawaƙi ya karya karin waƙa, ko ya kuskure amsa-amo, ɗalibin aji ɗaya ma zai kama shi. Idan makaɗin kalangu ya saɓa wa sauran, ƙafar mai rawa za ta tona masa asiri. Kiɗan yanayi fa? Danna maɓalli 3 na fiyano, ka riƙe, ka kwarara musu eko, nan da nan za ka ji wani abu mai daɗi yana tashi kamar hazo. A 2010 wani ya ɗauki wata waƙar Justin Bieber ya ja ta da manhajar Paulstretch har ta koma wajen minti 35, mutane bila adadin suka saurara suna mamakin kyanta. Bai tsara komai ba, maɓalli kawai ya danna. Kuma a watan Afrilu na 2025 kamfanin Deezer ya bayyana cewa a kullum ana loda masa kiɗe-kiɗe fiye da 20,000 waɗanda na'ura ce ta ƙirƙire su ɗungurungum. To, in dai amo mai daɗi ne kawai abin nema, na'ura ta riga ta fi mu sauri, kuma ba ta gajiya, ba ta jiran a kawo wuta. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne zaɓi: wannan ya zauna, wancan ya fita, nan za a tsaya. Wanda ya ce kiɗansa ba shi da doka ya jefar da abu ɗaya tak da ya bambanta shi da injin.

Mu duba yadda na gabanmu suke. Mamman Shata yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi a bayansa, ga taron jama'a a gabansa, in waƙa ba ta shiga ba zai gani a fuskokinsu tun kafin ya kai ƙarshe. Makaɗin fada yana da sarki da fadawa waɗanda ba a yi musu waƙar banza a kwashe lafiya. Marubuta waƙoƙi irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun kafa ƙungiyoyi, Hikima Kulob da Hausa Fasaha, inda mawaƙi ke fito da waƙarsa gaban waɗanda suka san sirrin sana'ar. Mai situdiyon ɗaki kuwa shi ne makaɗi, shi ne ɗan amshi, shi ne maroƙin da ke zuga kansa, shi ne ubangidan da ke ba da kyauta, shi ne kuma alƙali. Jama'a, kun taɓa ganin shari'ar da wanda ake ƙara shi ne alƙali, aka kuma same shi da laifi?

MAƘIYA UKU A ƊAKI ƊAYA

Ba zargin mugun nufi nake yi wa kowa ba. Ko mai gaskiya ne, akwai abubuwa uku da ke zaune tare da shi suna yi masa ƙarya.

Na farko shi ne ɗakin kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan faɗin ɗakinka mita 3 da rabi ne, akwai wani amo mai kauri, mai kaɗawa kusan sau 49 a daƙiƙa, wanda zai dinga kai-komo tsakanin bango biyu yana hawa kan kansa. A jikin bango za ka ji yana gurnani, a tsakiyar ɗaki kuwa sai ya kusan ɓacewa. Wanda ya zauna a tsakiya zai yi ta ƙara bes domin bai ji shi ba, wanda ya jingina da bango zai yi ta rage shi har kiɗan ya rame. Ga kuma wani abin takaici: wutar lantarkinmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, kuma in wayoyi ba su da kyau gunjinta yakan saci hanya ya shiga cikin abin da ake naɗa. Watau gunjin wuta ya faɗo kusan daidai inda ɗakin ya fi iya ɓoye abu.

Ni wannan ba a littafi na fara koyonsa ba. Bara na naɗi ƙarar ruwan sama a kan kwanon ɗakina, na ɗora masa amo, na shafe mako 3 ina gyara, har na fara ganin kaina a sahun manya. Ranar da Yaya ya ɗauke mu da Inna a mota za mu gaisuwa, na roƙe shi ya sa. Ba a yi minti ɗaya ba ƙofofin mota suka fara karkarwa. Inna ta dubi Yaya ta ce, "Kai, tsaya a duba motar nan, ba lafiya take ba." Yaya ya ce, "Inna, ai kiɗan autanki ne." Ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ne ke hana ka barci?" Da na koma na bincika, ashe gunjin wuta yana kwance a ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe, ni kuma na ƙara masa ƙarfi da hannuna. Mako 3 ina ɗakin, ban san inda yake yoyo ba, Inna kuwa cikin minti ɗaya ta gano.

Kada kuma wani ya ce shi abin ji na kunne yake sawa, don haka ya tsira. Wannan yana raba kunnen dama da na hagu sarai, ya sa kiɗa ya yi faɗi kamar fili. Ranar da aka sa shi a waya mai lasifika ɗaya, dama da hagu suka haɗu, wasu sautukan sai su cinye juna, filin ya koma lungu.

Maƙiyi na biyu shi ne kunne. Tun 1933 wasu masana biyu na Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin dukkan amo daidai wa daida. Ya fi jin na tsaka-tsaki, kuma in ƙara ta yi ƙasa, amo mai kauri da mai siriri su ke fara ɓacewa. Saboda haka duk abin da ka ƙure wa ƙara sai ya yi kamar ya ƙara kyau. Mu kuwa da dare ya yi nisa hannu yana ta murɗa ƙara sama ba mu sani ba, alhali kiɗan da muke haɗawa a hankali za a saurare shi. Banda wannan, kunne yana gajiya kamar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗin kada babba ya wuce sa'a 40 a mako yana jin ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 80. Kunnen da ya yi sa'a 6 yana aiki ba shi da hurumin yanke hukunci.

Na uku, kuma mafi haɗari, ita ce zuciya. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kawai yana sa mutum ya fara son sa. To, ka tuna mai haɗa kiɗan yanayi yakan ji ɗan guntun amo ɗaya yana zagayowa dare bayan dare. Ko kukan ƙofa ne, in ka ji shi haka, zai zame maka aboki. Ƙara da wahalar da aka sha, da barcin da aka rasa, da jiran wuta. Sai mutum ya ƙi yanke minti 11 na ciko, don ya tuna daren da ya kwana yana yin su. Hausawa sun gama magana da suka ce so hana ganin laifi. Mai sauraro kuwa bai kwana tare da kai ba, abin da ya fito daga lasifika shi kaɗai ya sani.

WANZAMI BA YA SON JARFA

Mu ɗaliban adabi mun iya fiɗar waƙar wani. A ba mu waƙa yanzu mu fito da jigo, mu warware shi, mu auna zubi da tsari, mu ƙirga adon harshe. Me ya sa in aikinmu ne sai hannu ya yi sanyi? Ga abin da nake ganin wajibi ne a kan duk wanda ya rasa 'yan amshi da taron jama'a, kuma ban faɗi ko ɗaya ba sai da na gwada shi a kaina.

Da farko, kada ka yi wa kiɗa shari'a a daren da aka haife shi. Rufe shi ka bar shi mako guda, har kunnenka ya manta, ka dawo masa kamar baƙo. Da yawa daga abin da na ɗauka zinariya ne da ƙarfe 3 na dare, bayan kwana 7 na tarar da gwangwani.

Na biyu, fitar da shi daga ɗakin. Ji shi a waya, ji shi a mota, ji shi a rediyon mai shayi in ya yarda. Rage ƙara har ta kusan ɓacewa ka ji me ya saura. Ko a cikin ɗakin ma tashi ka zagaya, ka tsaya a kusurwa, ka tsaya a bakin ƙofa. Kuma ka kashe fuskar kwamfutar, domin ido yakan ga layuka sun jeru da kyau ya ce wa kunne ya yi shiru.

Na uku, kashe eko gaba ɗaya ka saurari ƙashin kiɗan. Eko kamar kwalliya yake, yana ƙara wa mai kyau kyau, yana kuma rufa wa mummuna asiri. In ka cire shi ka tarar babu komai sai maɓalli 3 da aka danne, to ka san gaskiya.

Na huɗu, bi layukan sautin ɗaya bayan ɗaya kana kashewa. Duk wanda ka kashe ba ka yi kewarsa ba, bar shi a kashe. Haka za ka yi wa tsawo: yanke kashi ɗaya cikin uku ka ji ko an yi asara. Tsawo ba laifi ba ne, amma kowane minti sai ya biya kuɗin hayarsa.

Na biyar, koma ga sharaɗin Eno, ka gwada fuskokinsa biyu. Sa kiɗan kana wanki ko kana karatu: in wani amo ya zabure ka, ya kasa a fuska ta farko. Sa'an nan zauna ka rufe ido ba ka yin komai: in a minti na 4 hankalinka ya tafi kasuwa domin babu abin da ya sāke, ya kasa a ta biyu. Abokina ya riƙe rabin sharaɗin ya yar da rabi. Kiɗan da ba ya damun kowa kawai, ai fanka ma tana yin sa.

Na shida, rubuta hukuncinka a takarda da lokacinsa: a minti kaza amo kaza ya shigo da wuri, a minti kaza na ji gundura. "Ya yi daɗi" ba nazari ba ne, kuma babu malamin da zai ba mu maki a kansa. In kuma ba za ka iya faɗin jigon kiɗanka cikin jimla ɗaya ba, ko kewa ce, ko sanyin asuba, ko fargabar jiran sakamako, to wataƙila ba shi da shi.

Daga ƙarshe, tun da duk dabarar nan ba ta kai kunnen wani ba, kai wa mutumin da ba ya jin nauyinka. Kada ka yi masa bayani kafin ka sa. Zauna kusa da shi ka lura da lokacin da hannunsa ya tafi aljihu neman waya, ka rubuta mintin.

ABIN DA ZA SU CE

Na san martanin da ke tafe. Za a ce ai Eno sakin na'ura ya yi tana tafiya da kanta, kuma William Basinski tsautsayi ne ya ba shi aikin da ya fi shahara da shi. Gaskiya ne. A 2001 Basinski yana kwafe wasu tsofaffin zaruruwan tef nasa na farkon shekarun 1980 zuwa na'urar zamani, sai ya lura maganin jikin zaren yana marmashewa duk zagayen da ya yi, amon yana mutuwa a hankali. Daga nan The Disintegration Loops ya fito. Amma wa ya adana zaruruwan nan kusan shekara 20? Wa ya gane cewa wannan lalacewa ta cancanci a bar ta ta kai ƙarshe, maimakon a kashe rikoda a yi tsaki? Tsautsayi yana faɗa wa kowa, kunnen da aka hora shi ke tsintar na tsinta. Eno ma shi ya zaɓi amon da zai zuba a kowane zobe, shi ya zaɓi tsawonsa.

Za a kuma ce yawan sukar kai yana kashe gwiwa, har mutum ya kasa gama komai. Wannan cuta ce ta gaske, na san masu kwamfuta cike da aikin da ba a ƙarasa ba. Shi ya sa a 1975 Eno da abokinsa mai zane Peter Schmidt suka buga wasu katuna fiye da 100 masu ɗauke da gajerun shawarwari, wanda ya cije sai ya zari ɗaya ya bi. Maganin shi ne a raba lokaci: daren ƙirƙira daban, a saki hannu a yi ta zubawa, ranar shari'a daban, a zo da wuƙa. A kuma yanka wa aiki wa'adi, in ya cika a sake shi ko a binne shi. Tsoron wanzami bai taɓa zama dalilin barin ƙurji ya ruɓe ba.

KIRA

Ga malamanmu, ina cewa da ladabi: muna da kalmomi masu yawa na nazarin baiti, amma in aka cire kalmomi aka bar amo zalla sai bakinmu ya mutu. Ga finafinanmu da wasanninmu na rediyo, kowane yana buƙatar kiɗan da zai kwanta a ƙarƙashin magana ya ɗauki tsoro ko baƙin ciki. Wa zai auna shi, da wane harshe? Wannan aiki ne da ke jiran sashenmu.

Ga shugabannin ƙungiya, ina ba da shawarar a ware yamma ɗaya a wata don sauraro. Mai kiɗa ya kawo, mai waƙa ya kawo, a ajiye waya a bakin ƙofa, a hana tafi, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya kama shi da abu ɗaya da za a yanke. Ni zan fara kawo nawa, har da wanda ya firgita Inna, domin a ga yoyon da ido.

Kai kuma abokina, na san za ka karanta, kuma ka san da kai nake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da ban ji minti 3 ɗin nan ba, da ban ɓata tawada ba. Koma ka ciro su daga cikin hazon da ka binne su, ka kawo mana. In kuwa har yanzu kana ganin ni ne ban iya ji ba, ga fili ga mai doki, Malam Edita ba zai hana ka shafi a fitowa ta gaba ba.

Allah ya ba mu kunnen jin laifinmu kafin na waje su ji mana, amin. Wassalam.